Dodannin tsofaffin wasannin bidiyo: zana su aka yi, ko hoton mutum-mutumi aka ɗauka?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masana zane da masu bin tarihin gem. Idan mutum ya tsura wa Goro na Mortal Kombat ido, ko manyan dodannin Doom, jikinsu bai yi kama da abin da aka zana da hannu ba. Ga inuwa a ƙarƙashin haƙarƙari, ga lotsawa a kafaɗa, kai ka ce wani abu aka ajiye a kan tebur aka haska masa fitila. Sannan a wasannin Japan da dama ana cin karo da wasu kawunan dutse masu dogon hanci da tsukakken baki, iri ɗaya, ko da kamfanonin sun bambanta. Shin daga mutum-mutumi na gaske aka samo waɗannan? Idan haka ne, wanda yake tsaye a wani wuri a duniya ne, ko masu wasan ne suka ƙera abinsu? A shagunan gem ana yawan cewa duk aikin kwamfuta ne, ni kuma raina bai kwanta da wannan amsar ba. Allah ya ba da ikon amsawa.

Mai Allon Zane

Wa alaikumus salam. Ƙanena, idonka bai yaudare ka ba. Sai dai a fara raba abu uku da ake cakuɗawa, don kowanne da tasa amsar. Akwai mutum-mutumin da masu wasan suka ƙera da hannunsu a ɗakin aiki suka ɗauki hotonsa. Akwai wanda yake tsaye a wani gari tun ɗaruruwan shekaru, mai zane ya kalla ya kwaikwaya ɗigo bayan ɗigo (ɗigo shi ne pixel, ƙwayar hoto a allo). Akwai kuma wanda hannu bai taɓa taɓa shi ba, a cikin kwamfuta aka gina shi. Biyun da ka ambata da suna duk na farkon ne.

Mortal Kombat na kamfanin Midway ya fito a 1992. Mayaƙansa mutane ne aka sa wa kaya aka ɗauke su a bidiyo, shi ya sa Scorpion da Sub-Zero motsinsu ɗaya: mutum ɗaya ne, Daniel Pesina, launin kayan kawai aka sauya a kwamfuta. To ina za a samo mai hannu huɗu irin Goro? Sai John Tobias ya zana Goro, Curt Chiarelli ya ƙera shi ƙarami, kimanin inci 12. A lanƙwasa hannunsa kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara lanƙwasawa a sake ɗauka. Ka lura da tafiyarsa, akwai 'yar fizga a cikinta wadda babu a tafiyar sauran mayaƙan. Daga nan take.

Doom kuma, na id Software, ya fito ranar 10 ga Disamba 1993, kuma a nan ne aikin ya fi fitowa fili. Adrian Carmack ya ƙera jarumin wasan da Baron of Hell da Cyberdemon da yumɓun ƙira. Daga baya aka ɗauko Gregor Punchatz, ɗan Don Ivan Punchatz wanda ya zana hoton bangon kwalin wasan. Shi ƙashin ƙarfe yake haɗawa ya lulluɓe da roba mai laushi. Shi ya yi Spider Mastermind, ya kuma yi Arch-vile da Mancubus da Revenant waɗanda suka bayyana a Doom II a 1994. Amfanin roba a kan yumɓu a bayyane yake: yumɓu idan ka ɗaga hannun dodo sai hammata ta tsage, sai ka sake shafewa, kuma kowace shafa tana sauya siffar. Roba kuwa tana miƙewa ta dawo.

Bayan ƙira, sai a ɗauki dodon da kyamarar bidiyo da aka haɗa da kwamfutar NeXT, daga kusurwa daban-daban. John Carmack ya rubuta wata 'yar manhaja, Fuzzy Pumper Palette Shop, wadda take mayar da hoton cikin launuka 256 na wasan. Daga nan masu zane su bi kowane hoto da hannu, su sa launi, su fito da ido da haƙori. Wannan matakin na ƙarshe shi ne mutane suke mantawa. Hoton kyamara shi kaɗai, idan aka ƙanƙance shi, dusu-dusu yake fitowa.

Har makaman ma haka ne. Doguwar bindigar nan ta wasan yara ce, zarton inji kuwa na gaske ne, ƙirar McCulloch, hannayen da ke riƙe da su kuma na Kevin Cloud ne, ɗaya daga cikin masu zanen wasan.

Me ya sa sai a waɗannan shekarun? Launi ne. A na'urar NES ta Nintendo, kowane guntun hoto mai motsi launi uku yake ɗauka, ban da gurbin da ake gani ta cikinsa. Game Boy kuwa inuwa huɗu ce kacal a allo mai ɗigo 160 a kwance, 144 a tsaye. Ɗaukar hoton mutum-mutumi don irin wannan allo ɓata lokaci ne, gara ka zana. Sai da aka samu allon da ke nuna launi ɗaruruwa a lokaci guda sannan inuwar fitila ta samu wurin zama. Shi ya sa kusan tare suka ɓullo: ClayFighter a 1993, Primal Rage na Atari Games a 1994, The Neverhood a 1996 wanda har ɗakunansa da yumɓu aka gina.

Amma kada a ɗauka duk abin da ya yi ƙwalli ya cika ido mutum-mutumi ne. Donkey Kong Country na kamfanin Rare, 1994, a kwamfutocin Silicon Graphics aka gina birran, aka fitar da su hoto-hoto. A wannan kam mutanen shagon gem suna da gaskiya.

Yayar Gem

Malam Mai Allon Zane ya cika wancan ɓangaren. Bari in ɗauki kawunan dutsen, domin su amsarsu e ce kai tsaye. Sunansu moai, kuma suna tsibirin Rapa Nui, wanda Turawa suka sa wa suna tsibirin Ista saboda ranar bikin Ista suka fara isa can a 1722. Yau yana ƙarƙashin ƙasar Chile. Sun kusan dubu, an sassaƙa yawancinsu tsakanin wajen 1250 zuwa 1500, daga dutsen toka mai laushi na tsaunin Rano Raraku. Matsakaicinsu ya kai mita huɗu.

Konami ya sa su a Gradius a 1985, a mataki na uku, suna tofo zobba ta baki, kuma ta bakin ake kashe su. Daga nan suka zama tamkar tambarin kamfanin. Taito ya mayar da kan moai babban abokin gaba na ƙarshe a Arkanoid, 1986. A Super Mario Land na 1989 an ba su masarauta guda, Easton, wasu na gudu wasu na tashi da fiffike, kamar yadda masarautar farko ta wasan ta kwaikwayi Masar da dalarta da zakin nan mai kan mutum.

Abin lura shi ne, ba wani moai guda aka kwafa ba. Siffar jinsin aka ɗauka: goshi mai rumfa, dogon hanci, siririn leɓe, haɓa mai faɗi, dogon kunne. Waɗannan layuka ne manya, miƙaƙƙu, ko a ɗigo goma sha shida za ka gane su, shi ya sa masu zane suka so su. Akwai kuma kuskuren da wasannin suka taya yaɗawa, cewa moai kai ne kawai. Suna da gangar jiki, da hannaye kwance a kan ciki. Waɗanda aka fi ɗauka a hoto su ne na gangaren Rano Raraku, waɗanda ƙasa ta binne har wuya.

Na Japan ɗin kansu sun fi yawa, sai dai wanda bai san ƙasar ba zai wuce su. A Super Mario Bros. 3, 1988, idan Mario na sanye da rigar tanuki, wata dabbar Japan, ka danna ƙasa da B, yana zama dutse riƙe da sanda. Wannan Jizo ne, gunkin dutse na mabiya Buddha da ake kafawa a bakin hanya, suna ɗaukarsa mai tsaron yara da matafiya. Star Fox na 1993 kuma, Shigeru Miyamoto da bakinsa ya ce ɗakin bautar Fushimi Inari da ke Kyoto ne ya kawo masa tunanin mayar da jarumin wasan dila. Wurin cike yake da dilolin dutse masu jan ƙyalle a wuya, da ƙofofi jere da juna da ake ratsawa, kamar yadda jirgin wasan yake ratsa baka-bakan ƙofofi. 'Yan tsanan nan masu ramin ido da ramin baki na Animal Crossing, a Japananci sunansu haniwa, sunan mutum-mutumin gasasshen yumɓu da ake jerawa a kan kaburburan manya tsakanin ƙarni na 3 zuwa na 6. Ko sunan ba a sauya ba.

Wanda aka fi sani a wajenmu shi ne na filin Sagat a Street Fighter II, 1991, inda ƙaton Buddha yake kwance a bayan mayaƙa, ya tallabe kai da hannu. Irin wannan kwanciyar sananniya ce a Tailan, kuma masu bibiya sun fi danganta ta da wanda ke Wat Lokayasutharam a tsohon birnin Ayutthaya, domin shi ma a fili yake, ba rufi. Duk waɗannan da hannu aka zana su. Mutum-mutumin ya ba da siffa, kyamara ba ta shiga aikin ba.

Ɗan Fagge

Na gode ƙwarai, Malam da Yaya, Allah ya ƙara sani. Saura abu biyu. Ta yaya mutum zai tabbatar da idonsa, ba sai an gaya masa ba? Kuma wanda yake son gwada hanyar Doom da wayarsa, me zai tanada?

Kawu Mai Yumɓu

Ɗana, ta farkon mai sauƙi ce. Ka nemi manhajar SLADE, kyauta ce, ka buɗe fayil ɗin WAD na Doom da ita, wato fayil ɗin da ke ɗauke da hotuna da sauran kayan wasan. Hotunan dodannin suna nan ɗaya bayan ɗaya. Sunan kowanne harafi huɗu ne na dodon, sai harafin motsi, sai lambar kusurwa. BOSS shi ne Baron, CYBR Cyberdemon, SPID Spider Mastermind, VILE da FATT da SKEL suna cikin Doom II. Lamba 1 dodon na fuskantarka, 5 ya ba ka baya, tsakanin kowace lamba da mai bi mata digiri 45. Idan ka ga suna irin TROOA2A8, na dodon Imp, hoto ɗaya ne yake aikin kusurwa biyu, ana juya shi kamar a madubi. Cyberdemon ba ya juyuwa haka, domin hannunsa ɗaya bindigar roka ce, dole aka ɗauki takwas ɗin cif. Ka jera su ka duba: faɗin ƙirji, tsawon ƙaho, inda inuwa ta faɗi, duk sun yarda da juna ta kowace fuska. Wannan daidaiton yana da wuyar samu da hannu, shi ne ma dalilin ƙirar tun farko.

Yanzu aikin. Tsawon dodon ya zama santimita 20 zuwa 30. Ƙashinsa wayar alminiyam ce mai kaurin milimita 2 zuwa 3, a murɗa biyu wuri ɗaya don baya da ƙafafu, sai siririya ta milimita 1 don yatsu. Inda ƙashi yake, wato cinya da ƙwauri da damtse, a danƙara gam mai sandarewa irin wanda ake cuɗa kashi biyu, a bar gaɓoɓi tsirara. Idan ba a yi haka ba hannun zai lanƙwashe a tsakiya kamar taliya. A cika ƙirji da ciki da takardar alminiyam da aka dunƙule, don rage nauyi. Tafin ƙafa a sa masa noti, a ɗaure shi da kusa mai zare ta ƙarƙashin katako. Dodon da ba a ɗaure ƙafarsa ba, yana gusawa duk lokacin da aka taɓa shi.

Kada ka yi amfani da yumɓun tukwane. Da ruwa aka kwaɓa shi, yana bushewa ya tsuke, waya kuwa ba ta tsukewa, sai ya tsattsage a kanta. Wanda ake so shi ne yumɓun ƙira mai maiƙo, irin wanda ake sayar wa 'yan makaranta, wanda ba ya bushewa. Nasa aibin zafi ne. Da rana a bazara yana laushi har hannun dodo ya riƙa saukowa da kansa tsakanin hoto da hoto, don haka a yi aikin da sassafe ko da dare, da fitilar LED wadda ba ta ɗumama abu. Lokacin hunturu kuma a rufe shi da kwali idan an tashi, ƙura tana manne masa ba ta fita.

Ga lissafin da zai hana ka wahalar banza. Dodo mai santimita 25, idan zai koma ɗigo 64 a tsaye, kowane ɗigo ya ci kusan milimita 4. Duk abin da bai kai haka ba, ƙwayar ido, farce, zanen fata, ɓacewa zai yi. Saboda haka a zurfafa ramin ido, a kumbura tsoka fiye da ƙima, a ƙara wa haƙora girma. Abin da ya yi kamar ya wuce gona da iri a hannu, shi ne daidai a allo.

Sai faifan juyawa. Katako zagayayye da ƙusa a tsakiya ya isa. A raba gefensa gida takwas a sa alama, a kuma sa alama ɗaya a tebur. Tsakiyar faifan ta faɗo daidai tsakanin ƙafafun dodon, in ba haka ba a cikin wasa za ka ga yana tsalle hagu da dama duk lokacin da ka kewaya shi. Waya a kafe ta a kan maƙali mai ƙafa uku, daidai ƙirjin dodon, nesa da shi mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a jawo hoton. Idan ta matso kusa, hannun da ya miƙo gaba zai fi kai girma. A kulle haske da saitin gani da ma'aunin fari, domin waya tana sauya su da kanta, sakamakon kuwa shi ne dodo mai ƙyaftawa, wannan hoto da haske wancan da duhu. A rufe taga. A yi amfani da mai ƙidayar daƙiƙa don kada yatsa ya girgiza wayar. Fitilar caji kuma a tabbatar ta cika, tana dusashewa a hankali ido bai lura ba.

Fitila biyu, dama da hagu, ƙarfinsu ɗaya, sama kaɗan da kan dodon. Idan ɗaya ta fi, ranar da ka juya hoton kusurwa ta 2 ya zama ta 8, hasken zai koma ɗaya gefen. Bango ya zama kwali marar ƙyalli, launin da babu shi a jikin dodon, nesa da shi kamar mita ɗaya don kada launinsa ya fantsamo a gefen jiki.

Ƙa'idar da ba a karyawa: a gama kusurwa takwas na tsayuwa ɗaya kafin a taɓa dodon. Tafiya tsayuwa huɗu ce, A zuwa D, wato hoto 32, ko 20 idan dama da hagunsa ɗaya ne. Ka ƙara na hari da na jin ciwo. Na mutuwa a Doom kusurwa ɗaya ce, lambarta 0.

A kwamfuta, da manhajar gyaran hoto ta GIMP ko makamancinta, jerin aikin yana da muhimmanci. A yanke duk hotunan da akwati ɗaya, girma ɗaya. A cire bango tun hoton yana babba. Sannan a ƙanƙance. Sannan a mayar da gefen ya zama ko dai akwai ko babu, domin injin Doom na asali, wato manhajar da ke zana wasan a allo, bai san rabin gani ba, ɗigon da aka bari tsaka-tsaki shi ne yake zama farin zobe kewaye da dodo. Sannan a mayar cikin launukan wasan, a kashe yayyafin ɗigo (dithering), wanda a ƙaramin hoto ƙazanta kawai yake zama. Daga ƙarshe a bi da hannu.

Mai Allon Zane

Kawu, a ƙara masa abu ɗaya da yake kayar da mutane. Doom ɗigo 320 ne a kwance, 200 a tsaye, amma allon lokacin huɗu bisa uku ne, don haka kowane ɗigo ya fi tsawo a kan faɗi da kashi 20 cikin 100. Wanda ya shigar da hotonsa yadda yake zai ga dodonsa ya zama zanƙalele. A danne tsayin zuwa kusan kashi 83 cikin 100 kafin a shigar, injin zai miƙe shi ya dawo daidai. Shi ya sa ma hotunan asali suke fitowa a guntse idan aka buɗe su a allon yanzu.

Game da ganewa da ido kuma, a yi hattara. Alamun suna taimakawa: ƙirar hannu tana da 'yar karkata da lotsawa, fatarta tana ɗan motsi daga hoto zuwa hoto, ginin kwamfuta na shekarun nan kuwa santsi gare shi kamar roba sabuwa. Amma akwai na tsakiya. Kawunan da ke magana a Fallout na 1997 da yumɓu Scott Rodenhizer ya ƙera su, sannan aka bi fuskar da wani hannun awo yana ɗaukar ma'auni wuri-wuri, aka gina ta a kwamfuta, aka sa mata fata da motsin baki. A cikin Doom ɗin ma ba kowane dodo ke da mutum-mutumi ba. Cacodemon daga zanen bangon wani littafin wasa aka yanko kansa aka gyara, Hell Knight kuma Baron ne aka sauya wa launi. Hujjar da ba ta da gardama ita ce hoton ƙirar kanta ko maganar wanda ya yi aikin, kuma na Doom da na Goro duk suna nan a intanet.

Yayar Gem

Ƙanena, idan ka zaɓi kwaikwayon mutum-mutumi na tarihi maimakon ƙera naka, ka bambance shi da hotonsa. Moai ya wuce shekarun haƙƙin mallaka, amma hoton da wani ya ɗauka nasa ne. A 2021 wata mai ɗaukar hoto, Judy Juracek, ta kai Capcom ƙara a Amurka kan cewa an yi amfani da hotunanta na bango da ƙofofi da sassaƙe-sassaƙe a Resident Evil 4 da wasu wasannin ba da izini ba, aka sasanta a 2022. Don haka ka tara hotuna da yawa daga gaba da gefe da baya, ka fahimci siffar, ka ƙera taka da yumɓu, sannan ka ɗora ta a faifan da Kawu ya kwatanta. Hoton gefe ya fi na gaba amfani wajen ƙirar, domin a nan ne za ka ga zurfin goshi da yadda haɓa ta turo gaba.